Ɗakin Haya a Mararaba

Da zarar an kai riɗi kasuwa, samari da dama daga Gagarawa Tasha, Gumel da Sule Tankarkar sukan ɗaura kaya su ce sun tafi ci-rani Abuja. Na bi sawunsu, amma a Mararaba na same su, cikin jihar Nasarawa. Abuja wurin neman kuɗi ce da rana. Kwana kuwa sai an tsallaka iyaka.

Ɗakin da suka sauke ni mutum shida ke kwana a ciki, ga mai shayi, ga masu gyaran takalmi, ga mai gadi da ke barci da rana idan sauran sun fita. Karo-karo suka yi suka biya kuɗin shekara gaba ɗaya, don mai gida ba ya karɓar na wata-wata. Banɗaki ɗaya ne ga duk gidan. Tun da asuba suke shiga cunkoson hanyar Nyanya, kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na abin da za a aika gida.

Tushen abin yana cikin taswirar birnin Abuja da aka kammala a 1979. An ware unguwannin ma'aikata da na manya, an ƙayyade irin ginin da za a yi a kowane fili, amma gidan haya mai ɗaki-ɗaki, wanda shi kaɗai talaka saurayi ke iya biya, ba a yi masa gurbin kirki ba. Da gwamnati ta tare a 1991, jama'a suka gina irinsa da kansu a ƙauyukan Gbagyi. Zamanin da Nasir el-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, aka sa katafila a Chika da Idu-Karmo da wasu unguwanni. An yi wa 'yan asalin ƙasa alkawarin sabon matsuguni. Ɗan haya kuwa ya kwashi tabarmarsa, kuɗin shekarar da ya biya ya bi ruwa.

Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Ban ƙi tsari ba, ba na son a cusa mutane inda babu magudanar ruwa. Sai dai hukumar da ta hana irin wannan gida ba ta samar da madadinsa ba, shi ya sa wasu yaranmu suke kwana a kangwayen da ba a gama ginawa ba, suna biyan mai gadi a ɓoye, kowane lokaci jami'ai na iya zuwa su kore su.