Alewar da ta kusa haɗa Baba da surukarsa

Shekara tara ke nan ina sayar da alewa da biskit a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, amma sai bara na fara karanta bayan fakiti.

Baba ne ya zo mana daga Maraɗi. Yana da ciwon suga, ga shi da son zaƙi kamar ƙaramin yaro. Sai na ɗauko masa wata alewa daga shago, wadda aka rubuta wa "sans sucre", wato babu sukari. Na ce, "Baba, wannan taku ce, ku sha iya son ranku." Ya kuwa riƙe maganata. Kullum fakiti guda, wani lokaci har da rabi.

Kwana biyu sai ciki ya fara ƙugi da kumburi, sannan zawo. Abin da ya fi damunsa alwala ce, ba ta tsayawa. Dattijon da bai saba rasa sahun farko ba ya koma sallah a ɗaki. Ya daina taɓa tuwon maman yara, ya ce wai manja ne bai karɓe shi ba. Ita kuma ta shiga ɗaki ta yi kukanta, tana ganin an ce ba ta iya kula da suruki ba.

Da na je farmasi neman magani, mai shagon ya tambaye ni ko akwai wani sabon abu da tsohon yake ci. Na zaro fakitin daga aljihu. Ya juya shi, ya nuna mini sorbitol da maltitol. Ya ce su ne ke ba da zaƙin, amma ƙaramin hanji ba ya tsotse su duka. Ragowar na jawo ruwa cikin hanji, in ta isa babban hanji kuma ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, iska ta taru. A ƙasan fakitin ma an rubuta da Faransanci cewa yawan sha na iya sa gudawa. Dokar Tarayyar Turai ce ta wajabta wannan gargaɗi idan irin waɗannan sinadarai suka haura kashi 10 cikin 100. Ya ƙara da cewa maltitol na ɗan ɗaga sukarin jini, don haka mai ciwon suga ma sai da lissafi.

Baba ya bar alewar, kwana biyu ciki ya lafa. Da kansa ya kira surukarsa ya ce, "Ki yafe mini, 'yata, tuwonki ba shi da laifi."

Laifin nawa ne, ni da na ce a sha iya son rai. Har yau ina sayar da alewar, sai dai duk wanda ya saya nakan juya masa fakitin, in ce ya duba sunayen da ke ƙarewa da "ol". Ɗaya ko biyu a rana, a fara gani tukuna. Yara kuwa kada a damƙa musu fakiti, cikinsu ya fi saurin ruɗewa.