Fijon Da Na Jira Shekara 37

Uwargida ran gida. Ina so in fara da yi miki wata tambaya, amma ki ba ni amsa a zuci, ba sai kowa ya ji ba. In aka ce miki mene ne burinki a duniya, me za ki ce? Na san amsar akasarinmu: yara su yi karatu, 'yan mata su samu mazaje na gari, Allah ya buɗa wa maigida. Duk gaskiya ne, kuma ni ma addu'ata ke nan kullum. To amma in kin ɗaga wannan tabarmar, sau da yawa akwai wani ɗan ƙaramin buri a ƙarƙashinta wanda naki ne ke kaɗai, kina ma jin nauyin faɗinsa. Wata keken ɗinki ne, wata komawa makaranta, wata kuma ɗan shago a ƙofar gida. Ni nawa mota ce. Ba kuma irin ta zamani da ake yayi ba, tsohuwar Fijo 504, wadda Allah ya mallaka mini a shekarar 2024, ina da shekara 52 a duniya.

Ni mutuniyar Dawakin Kudu ce, malamar firamare, uwar 'ya'ya shida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Ya yi aikinsa a filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Wannan ruwa shi ya sa manoman yankinmu suka daina zaman jiran damina, ana alkama da tumatir da albasa da rani, ana shinkafa da damina. A cikin wannan wadata ne Baba ya sayi Fijo 504 ta hannu a 1980, ruwan madara, lokacin ina 'yar shekara 8.

Yaranmu na yanzu ba su san darajar da wannan mota ta yi ba. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sannan kamfanin Peugeot ya buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna, aka fara harhaɗa motoci a 1975. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, 504 ce motar manyan jami'an gwamnati. Ita ce motar alƙali, ita ce ta shugaban makaranta, ita ce kuma ta 'yan tasha masu doguwar tafiya. Sai a 2006 aka daina harhaɗa ta a Kaduna, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu.

Tamu kuwa ba ta gidanmu kaɗai ba ce, ta unguwa ce. In naƙuda ta kama mace cikin dare, ƙofarmu ake bugawa. In za a kai amarya Tsakuwa ko Tamburawa, ita ce a gaba. Duk ranar Juma'a da safe ni da yayana muke wanke ta, shi yana jikin mota, ni ina tayoyi, ladanmu kuwa shi ne Baba ya zaunar da mu a gaba ya zagaya da mu kasuwa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin kujerunta da rana ta gasa, haɗe da na ɗanyen tumatir da manoma ke cusa wa Baba a but.

Sai aka shiga 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata. A 1987 rashin lafiya ya kwantar da Innarmu har sai da aka yi mata aiki, ga mu huɗu a makarantar kwana. Baba bai nemi shawarar kowa ba. Ranar wata Asabar wani direba ya zo da kuɗi a leda, ya karɓi makulli. Baba ya shafa saman motar sau ɗaya, ya shige gida, bai sake ambaton ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 1998. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, direban ya mayar da ita ta haya a hanyar Kano zuwa Zariya. Nakan hange ta a Kwanar Dawaki, an labta mata kwandunan tumatir har bayanta na neman jan ƙasa. A nan, ina 'yar shekara 15, na ƙudurta a raina cewa wata rana irin wannan mota za ta sake kwana a gidanmu, kuma da kuɗina.

Kin dai san yadda rayuwar mace take. Aka yi mini aure a 1991, haihuwa ta biyo baya, ga aiki, ga girki, ga hidimar dangin miji. Sai a 2003 na fara ajiye wani abu da sunan wannan buri. Albashin malamin firamare ba ya tara komai, don haka na shiga sana'ar da matan yankinmu suka ƙware a kai: in an yi girbi in sayi shinkafa shanshera a Kura, in turara, in shanya, a kai inji, in sayar wa masu abinci da 'yan uwana malamai. Ribar nakan raba ta uku. Kashi biyu na gida da yara, kashi ɗaya na abin da nake kira asusun Fijo.

Sau huɗu ana fasa asusun nan. Na farko a 2009, da babban ɗana ya samu jami'a. Na biyu a 2013, da na cika kuɗin kujera na sauke farali, wannan kam da murnata na fasa. Na uku a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa, ƙanena ya tashi ba uwar kuɗi ba riba, ga bashin taki a kansa. Na huɗu a 2019, kayan ɗakin 'yata ta biyu. Ban taɓa yin da-na-sanin ko ɗaya ba, domin kowanne ya fi mota. Abin da kawai na riƙe shi ne, duk ranar da aka fasa, washegari sai na sake jefa wani abu, ko da naira 200 ce, don kada zuciyata ta saba da cewa an gama.

Wani abu kuma da zai amfane ki: ban cika ajiye tsabar kuɗi ba. Kuɗin da kika ɓoye a ƙarƙashin adaka bana, baɗi ba zai sayi abin da yake saye ba. Ni buhunan shanshera nake mayar da su, ko 'yan raguna in yi kiwo zuwa babbar sallah. Da aka yi wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, mutane na kwana a layin banki, asusuna yana turke yana cin dusa.

Da abin ya taru, sai na zaɓi wani dare bayan yara sun kwanta, na ce wa maigida, "Malam, akwai shawarar da nake so mu yi." Na ba shi labarin tun daga 1987. Ya daɗe bai ce komai ba. Ki tuna, mutumin nan babur yake hawa, kuma na san abin da majalisa za ta ce: matarsa ta yi mota shi yana kan ƙafa biyu. Wannan shi ne abin da na fi jin tsoro, domin babu motar da ta kai zaman lafiyar gidana. Can sai ya ce, "Maman yara, kuɗinki ne, guminki ne. Amma me zai hana ki ƙara kaɗan ki sayi 'yar Kwatano mai sanyi?" Na ce masa ai ba sanyi nake nema ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sharaɗina biyu: ba bashi, kuma kuɗin makarantar auta a ware shi gefe kafin a taɓa komai." Na ce na yarda. Shi da kansa ya shiga cigiya.

Wata huɗu ana nema. Yawancin waɗanda suka rage 'yan tasha sun gama da su. A ƙarshe aka samu wata a Zariya, ƙirar 1984, a gidan wani dattijo da ya yi ritaya, an lulluɓe ta da tamfol, kaji har sun yi ƙwai a ƙarƙashinta. Muka tafi da wani tsohon makanike da ya yi rayuwarsa a kan Fijo. Ni fenti nake kallo, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa yana neman tsatsa, ya tayar da inji ya tsaya yana duban launin hayaƙi, sannan ya sa aka gwada lambar inji da ta jikin mota da abin da ke cikin takardu. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Hajiya, ƙashinta lafiya lau. Sauran duk nama ne, kuɗi ke mayar da shi."

Kuɗin sayenta bai kai na sabuwar adaidaita sahu ba, amma gyara ya kusa cin wani kamarsa. Sai da aka sake lagireto da kuloci da birki da tayoyi huɗu, aka wanke kafireto, aka ɗinke kujeru, aka yi mata fenti ruwan madara. Kayan gyaran a kasuwar Ƙofar Ruwa aka riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya, wasu sai an jira mako biyu. Makaniken ya fahimtar da ni dalilin da ya sa ta jure hanyoyinmu: cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, ƙafafunta na da laushin da ke shanye rami, kuma babu kwamfuta a cikinta, duk abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na kai wa gare shi. A watannin da ake wannan aiki ni kuma na shiga makarantar koyon tuƙi, na karɓi lasisina.

'Yan matana da farko dariya suka yi, wai "Mama, wannan ai motar kakanni ce." Autana ne ya rufe musu baki. Ya binciko a waya cewa irin wannan 504 ɗin ce ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975, kuma 'yar uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, ta sake lashewa a 1978. Tun daga ranar yake ce wa abokansa babarsa motar tsere take ja. Ni dai ban taɓa wuce 70 da ita ba.

Maganar mutane kuwa, na sha ta. Wata ta ce da gwal na saya. Wata ta ce da fili. Wata a gidan suna ta ce, yadda zan ji, tsufa ya zo wa wasu da ƙuruciya. Masu cewa fili ba su yi ƙarya ba, fili na ƙara daraja, mota kuwa ci take yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ita kuma 504 ba ta san tsimi ba. Don haka ba kullum nake fita da ita ba. Makaranta da ƙafa nake zuwa kamar da. Ita ta Juma'a ce, da zumunci, da ɗauko buhuna daga Kura, da kuma daren da aka buga mana ƙofa, domin an fara bugawa. Mata uku na kai asibiti haihuwa cikin shekarar farko. Ranar Juma'a maigida ke ja zuwa masallaci, kuma majalisar da nake tsoro ita ce yanzu ke rigimar wanda zai zauna a gaba.

Wadda na fara ɗauka a ciki ita ce Inna. Ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, ban kuma gaya mata komai ba. Na riƙo hannunta zuwa ƙofar gida. Ta shafa ƙofar motar, ta shafa madubi, ta shiga ta zauna, ta yi shiru. Muka bi ta Kwanar Dawaki muka miƙe hanyar Zariya har Kadawa, ana tsakar kwasar tumatir, kwanduna jere a bakin titi. Sai da muka tsaya a gefen magudanar ruwa sannan ta yi magana. Ta ce, "Shekara talatin da bakwai ina ganin saboda ni ya rabu da ita." Ashe abin da ta ɗauka ke nan ita kaɗai, ba wanda ya sani. Na ce, "Inna, ai ga shi ke kina nan, ita ma ta dawo." Muka yi wa Baba addu'a, muka sayi rake, muka juyo gida.

'Yar uwa, ban rubuto wannan don in ce ki je ki sayi mota ba. Wata ma ko kyauta aka ba ta ba ta so. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki binne ɗan burin nan naki don kawai kin zama uwa. Ki ba shi suna, ki buɗe masa asusu komai ƙanƙantarsa, ki zuba shi a abin da ba ya narkewa. In lalurar gida ta taso ki fasa ba tare da ƙunci ba, washegari ki sake farawa. Kada ki ci bashi dominsa, kada ki taɓa haƙƙin yara, kuma kada maigida ya ji labari a bakin wani. 'Ya'yanki ma suna kallo, musamman mata: yadda kika riƙi kanki haka za su riƙi nasu a gidajensu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya cika wa kowacce burinta na alheri, ya jiƙan iyayenmu, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Amin.