Kar a Kai Ta Wurin 'Yan Jari-Bola Tukuna

Ku matso kusa, maganar nan tsakaninmu ce, kar masu shagunan kwamfuta na Ahmadu Bello Way su ce na kashe musu kasuwa. Hajiya, tsohuwar HP ɗin nan taki da sai ruwan shayi ya tafasa kafin ta gama tashi, da sauran ranta. Kaya ne ya yi mata yawa.

Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, abin da tsofaffin 'yan Beljiyam ɗinmu ba su da shi. Shi ya sa mai gyara zai kaɗa kai ya ce ki sayi wata. Ni kuwa cewa nake a sa mata Linux, manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ko sisi ba a biya. In RAM ɗinta giga 4 ne, Linux Mint Xfce ko Lubuntu. In 2 ne, antiX.

Filas mai giga 8 ya isa. A ɗora masa Linux ɗin da manhajar Rufus, a soka a kwamfutar, a kunna ana danna F9 in HP ce, F12 in Dell. Daɗin abin, za ki iya gwada ta daga kan filas ɗin ba a taɓa komai naki ba: ki ga ko Wi-Fi na kamawa, ko sauti na fita. Sai ta kwanta miki a rai a girka. Amma don Allah a fara kwashe hotunan biki, don girkawa kan share komai.

Yaron Yaya da ke Jami'ar Jos zai rubuta furojet ɗinsa da LibreOffice lafiya lau. Akwai ma tsarin madannai na Hausa a ciki, ga ƙ, ga ɗ, ga ɓ, ba sai an yi ta kwafowa ba.

Malam, kai kam zauna inda kake. CorelDraw ba ya zama lafiya a Linux, katin gayyata kuwa shi ne abincinka. Batirin da ya mutu ma ya mutu, Linux ba ta tashe shi, ana ɗauke wuta kwamfutar za ta bi. In da ɗan canji a hannu, a cire tsohon hadis a sa SSD, nan ne za ku sha mamaki.

Saukar da Mint na cin data kusan giga 3, saboda haka mutum ɗaya ya sauke, filas ɗin ya zaga. Hajiya, ki kawo taki ranar Asabar bayan la'asar, ki haɗo da cajarta.