Kama da Wane ba Wane ba ne

A zangon Salaga, inda aka yanke mini cibiya, manya ba su kiran maciji da sunansa in dare ya yi, sai su ce igiyar ƙasa. Wannan tsoro kuwa ba na banza ba ne. Duk wanda ya yi noma a ƙasar Gonja, ko ta Dagomba, ko ta Kusasi, ya san kububuwa, 'yar gajerar nan mai launin ƙasa da ke kwanciya a ƙarƙashin tarin ciyawa. Dafinta yakan hana jini daskarewa, har mutum ya yi kwanaki yana zubar da jini ta dasashi da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, a shekarar 2017 kuma ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Na fara da wannan ne domin kada mai karatu ya zaci wasa nake yi da abin da ya sa gidaje da yawa makoki. Ni ba gardi ba ne, ba ni da laƙani, ban kuma sha maganin maciji ba. Malamin makaranta ne ni, na kuwa yi shekaru ina kiwon macizai marasa dafi a cikin akwati, ina kallon yadda suke barbara, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe. Abin da na gani da idona shi nake so in ba da labari, gama gani ya kori ji.

Masana sun kasa macizan duniya dangi dangi. Mafi yawan jama'a a cikinsu shi ne dangin da suke kira Kolubrid, kuma galibin 'ya'yan wannan dangi ba su da dafin da zai cuci mutum. Na ce galibi, ban ce duka ba. Akwai wani mai hawa itace, mai manyan idanu, wanda ake kira bumsilan, yana nan a dajinmu, shi ma ɗan dangin ne. A 1957 wani ƙaraminsa ya sari Karl Schmidt, babban masanin macizai a birnin Shikago ta Amurka, kashegari ya rasu. In maciji ya kashe wanda ya ƙare ransa yana nazarin macizai, ina ga ni da kai? Saboda haka doka ta fari a wannan kiwo ita ce, abin da ba ka tabbatar da shi ba, kada ka kai masa hannu.

Iri biyu kaɗai na kiwata. Na farko shi ne wanda ake kira macijin gida, a littattafan masana Boaedon. Launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana ƙyalli in haske ya same shi, ba shi da dafi ko kaɗan, naɗe ɓera yake yi ya shaƙe shi. Da can ana lissafa shi cikin Kolubrid, daga baya masana suka ware shi da 'yan'uwansa suka ba su dangi nasu dabam. Na san shi tun ina yaro, domin kakana yakan hana a kashe shi in an gan shi a gindin rumbu. Yakan ce wannan ma'aikaci ne da ba ya karɓar albashi.

A Yendi na fara kiwon, lokacin da nake koyarwa a can. Gidan haya muke, iyali huɗu a tsakar gida guda, don haka kafin in buga ƙusa ɗaya sai da na je wurin mai gida. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ni ba ni da ta cewa, amma ka je ka ji ta bakin Hajiya." Tsohuwar kuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, jikokina suna rarrafe a tsakar gidan nan. Ranar da ɗaya ya fito, to, kai da akwatinka za ku bar gida." Magana ce ta gaskiya, ban yi musu ba. Muka shirya a kan cewa akwati zai zauna a ɗakina, a sa masa kwado, mabuɗi guda a aljihuna, guda a bakin zanenta.

Kafinta ya yi mini akwati biyu na katako, da wayar raga mai ƙananan idanu a sama, gama maciji yakan bi duk kafar da kansa ya shiga. Na zuba yashi da busassun ganye, na kifa kasko mai ɓararren baki domin maɓoya, na ajiye ƙwaryar ruwa. Namiji dabam, mace dabam. Mace ta fi girma nesa, takan kai mita guda, namiji kuwa da ƙyar ya wuce rabin wannan da kaɗan. Ana gane namiji ta wutsiya, tasa ta fi tsawo, ta fi kauri a gindi, domin a nan ne gaɓoɓinsa na barbara suke ɓoye. Biyu ne, dama da hagu, amma ɗaya yake amfani da ita a lokaci guda.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, sai macen ta yi saɓa. A daren na ɗauki namijin na sa shi a akwatinta, na ɗaure jan ƙyalle a bakin tocila don kada haske ya razana su, na zauna a tabarma. Da farko bai kula da ita ba, sai zagaya akwati yake yi. Can ya ratsa inda ta bi, nan take ya tsaya, harshensa ya shiga fita da komawa da sauri. Maciji da harshe yake ɗibar wari, ya kai shi wasu 'yan ramuka biyu a ganɗarsa, a can ake fassara masa labari. Fatar mace tana da wani maiƙo mai warin da ke gaya wa namiji lokaci ya yi, warin kuwa ya fi ƙarfi bayan saɓa.

Ya bi sawunta taki taki har ya iske ta. Ya ɗora haɓarsa a bayanta wajen wutsiya, ya riƙa gogawa yana hawa zuwa wuya, jikinsa yana wani zabura kaɗan kaɗan kamar mai shaƙuwa. Ta zame ta bar shi, ya sake bi. Ta sake zamewa, ya sake bi, ba cizo, ba kokawa. Na ƙidaya sau bakwai. A na takwas ta miƙe jikinta ta yi lamo, ya daidaita tsawonsa da nata, ya naɗa wutsiyarsa a ƙarƙashin tata yana lalube. Sai ta ɗaga wutsiya da kanta. Muddin ba ta ɗaga ba, duk wahalarsa ta banza ce. Daga nan suka yi shiru, kawunansu kusa da juna, babu mai motsi sai numfashi. Har aka kira assalatu suna haɗe.

Wannan dare ya warware mini wata magana da muka tashi da ita, wai in ka kashe maciji, abokin zamansa zai zo ɗaukar fansa. Lalle mutane sukan ga na biyu a inda aka kashe na fari, ba ƙarya suke yi ba. Amma maciji ba ya aure, ba ya zaman makoki. In mace ce aka kashe a lokacin barbara, warinta yana nan a ƙasa, namiji kuwa warin yake bi. Haka kuma in ka ga manyan macizai biyu sun tufke kamar igiya, kawunansu a sama kowanne yana neman danne ɗan'uwansa, sau da yawa maza biyu ne ke kokawa a kan mace. Barbarar gaskiya a kwance ake yinta, cikin natsuwa.

Na raba su, domin mace takan ajiye irin namiji a jikinta ta sake yin ƙwai ba tare da shi ba, in kuwa aka bar su tare takan yi ta ƙwai har ta rame. Bayan makonni cikinta ya yi nauyi, ta ƙi abinci, ta sake yin saɓa. Wannan ita ce alamar ƙwai ya kusa. Na sa mata tukunya da yashi mai laima, bayan kwana goma na tarar da ƙwai tara, farare, dogaye, manne da juna, ɓawonsu da taushi kamar jemammiyar fata. Kaza takan juya ƙwanta, amma ƙwan maciji ba a juya shi, gama ɗan tayin yakan manne a sama, in aka kifar da shi zai iya mutuwa. Na sa wa kowanne ɗigo da fensir, na ajiye tukunyar a gindin randa, inda zafi yake tsayawa wajen digiri 28. Laima kaɗan suke so, ba jiƙa ba.

Wata biyu da 'yan kwanaki, sai na ga tsaga a jikin ƙwai guda. Ɗan maciji yana da wani ɗan haƙori a kan hancinsa da yake yanka ɓawo da shi, daga baya ya faɗi. Ya leƙo da kai, ya koma, ya yini guda a haka yana ƙarasa shanye gwaiduwa. Na kira Hajiya. Ta tsaya a bakin ƙofa, daga baya ta matso, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah! Malam, uwar fa, ba za ta zo ta duba su ba?" Na ce, "Hajiya, ba ta ma san su ba. Daga yau kowa tasa ta fisshe shi." Ta girgiza kai ta ce marayu ne ke nan tun daga ƙwai. Da suka yi saɓar fari, aka soma ba su jajayen 'ya'yan ɓera, jikokinta ne suka riƙa nemo mini a gindin buhunan masara.

Da aiki ya kai ni Bawku na sadu da iri na biyu, watau mashayin ƙwai, a littattafai Dasypeltis, shi kuwa cikakken ɗan Kolubrid ne. Kusan ba shi da haƙori. Yakan haɗiye ƙwan tsuntsu wanda ya fi kansa girma sau biyu ko uku, wasu tsinin ƙashin bayansa su fasa ɓawon a maƙogwaro, ya shanye ruwan, ya amayar da ɓawon a murƙushe. Ƙwan tantabara nake ba shi, gama na zabo ya fi ƙarfinsa. Da rani yakan yi watanni bai ci kome ba. Barbararsa kamar ta macijin gida take, sai dai macen takan warwatsa ƙwanta ɗai ɗai. Wahalarsa 'ya'yan ne, domin ƙwan da za su iya haɗiyewa sai na ƙananan tsuntsaye, ga kuma zafin Bawku na watan Maris da Afrilu mai haura digiri 40. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba.

Abin mamaki game da shi shi ne, tun da ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa. Zanen bayansa kamar nata. In ya tsorata yakan lanƙwashe jiki yana goga ɓawon fatarsa da juna, ya ba da ƙarar nan mai kama da ruwa a kan tukunya mai zafi, daidai yadda take yi. A akwati na koyi bambancinsu: ita gajera ce mai kauri, kanta da faɗi, wuyanta siriri, shi kuwa dogo ne siriri, kansa ƙarami, kusan ɗaya da wuya. Amma da magariba, a cikin ciyawa, ko ni ba zan rantse ba. Ita ma kububuwarmu ƙwai take yi, don haka ƙwan da aka tsinta a gona kada yaro ya kawo shi gida.

Likitoci ma kamanni ya taɓa ruɗinsu. A Yeji, hayin tafkin Bolta daga hanyar Salaga, an taɓa sauya maganin dafi da wani wanda aka haɗa da dafin wata 'yar'uwar kububuwa ta ƙasar Indiya. Rahoton da aka buga a 2008 ya nuna masu mutuwa sun tashi daga ƙasa da 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Maciji biyu masu kama da juna, amma dafin dabam.

A ƙasashen waje wannan kiwo sana'a ce babba. A Amurka macijin masara yana cikin waɗanda suka fi kiwo, kuma sukan sanyaya shi wata biyu ko uku kafin ya yi barbara, abin da damina ke yi mana kyauta. A 1961 wani likita, Bernard Bechtel, ya ƙyanƙyashe zabiyansa na farko a hannun mutum, daga nan launuka iri iri suka yaɗu. Gana da Togo da Benin kuma sun daɗe suna fitar da dubban ƙananan mesa mai dunƙulewa zuwa Turai da Amurka. Abin da muke bi da sanda, wasu da jirgin sama suke aiko a ɗauko musu. Wanda ke sha'awar kiwo a nan, ya fara neman izini daga Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, ya nemi yardar maƙwabta, kada kuma ya saki baƙon iri a dajinmu.

Ba na cewa kowa ya yi akwati. Roƙona ga manomi da ɗan makaranta kaɗan ne. In ka ga maciji, ja da baya ka ba shi hanya, gama sau da yawa wajen kisa ake samun sara. Sa takalmi mai rufe ƙafa a gona, riƙe tocila da dare. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti tun jini bai soma zuba ba. Baƙin nan mai ƙyalli na gindin rumbu kuwa, a bar shi ya yi aikinsa, ɓeran da ya ci a bana hatsi ne ya rage wa yara a bazara.