Ranar da Kwamfutata Ta Ƙi Tashi da Haƙƙin Marayu a Cikinta

Daren wata Laraba ne. Na dawo daga Dantokpa, na ci tuwo, na zauna na shigar da cinikin ranar kamar yadda na saba. Da na zo kashe kwamfutar sai ta rubuto wani abu da Faransanci, lamba na hawa a hankali. Ko da ban iya karanta shi sosai ba, na san nufinsa: tana sabunta kanta, kada a kashe. Na bar ta a kan tabarma na fita alwala. Ina tsakar gida aka ɗauke wuta. Batirinta kuwa ya fi shekara da mutuwa, in aka zare caja ko minti ɗaya ba ta yi. Kullum ina cewa zan sayi sabo, kullum wata hidima na shan gabansa.

Da asuba na kunna ta. Alamar kamfani ta fito, 'yan ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye, sai fuskar ta koma shuɗiya, ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta koma gidan jiya. Na yi ta gwadawa har rana ta fito. Maman yara ta leƙo ta ce, "Alhaji, lafiya? Shayinka ya huce." Na ce mata lafiya, amma ta ga goshina.

Kwamfutar kanta ba wata tsada gare ta ba. Ta gwanjo ce, cikin kayan da ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano na saye ta. Abin da ke cikinta ne ya hana ni shan shayi. Shekara huɗu ke nan na daina rubuta bashi a littafi, na koma Excel. Wanda ya ɗauki atamfa, turmi nawa, ranar da ya biya, abin da ya rage, duk suna ciki. Kuma ba dukiyata kaɗai ba ce. Maigidana, wanda ya kawo ni garin nan ina saurayi ya koya mini kasuwa, muna da haɗin jari da shi. Allah ya yi masa rasuwa wata biyu kafin wannan dare, ya bar mata biyu da 'ya'ya, har da masu shan nono. Babban ɗansa ya riga ya yo waya daga Kano cewa yana tafe ranar Litinin, mu zauna mu fitar da kason mahaifinsa kafin rabon gado.

Duk ɗan kasuwa ya san yadda maganar za ta yi sauti. Mutum ya rasu, magada na hanya, sai abokin cinikinsa ya ce lissafi ya ɓace a kwamfuta. Ko ni aka gaya wa haka, sai na yi shiru na kalli mai faɗa.

Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a gefen kasuwa. Ya kunna, ya kalla, ya tambaye ni ko ina da faifan da ta zo da shi. Na ce wane faifai? Da caja kawai aka ba ni, ko ramin saka faifai ma ba ta da shi. Ya ce ba damuwa, zai yi mata fomat, in dawo bayan la'asar ta zama sabuwa fil. Har na juya zan tafi, domin a tunanina wanki ne kawai za a yi mata. Allah ya sa na waiwayo na ce, "To lissafina fa?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai komai zai tafi. Ban ga laifinsa ba, shi aikinsa ya ga kwamfuta ta tashi. Na karɓi abata na sa a jaka, hannuna na rawa.

Babbar 'yata tana karatu a jami'ar Abomey-Calavi. Da yamma ta dawo ta same ni zaune na tasa kwamfutar a gaba. Ta karanta abin da ke fuskar, ta yi min tambayoyi, sannan ta ce, "Baba, in makullin shago ya karye a cikin kwaɗo, kayan da ke ciki sun ƙone?" Na ce a'a. Ta ce to haka wannan yake. Windows ita ce ƙofa, lissafinka shi ne kaya, dukkansu suna zaune a kan rumbun ajiya ɗaya. Ƙofar ce ta lalace. Mai fomat rushe shagon zai yi da kaya a ciki ya gina sabo. Don haka kafin a taɓa maganar gyara, sai mun fitar da kaya ta taga.

Ta kuma bayyana mini zancen faifan. A da kamfanoni kan haɗa wa mai saye faifan da zai mayar da kwamfuta yadda ta fito daga masana'anta. Daga baya suka daina, suka koma ɓoye wannan kayan gyara a wani sashe na rumbun kansa, wanda ake buɗewa da madanni lokacin kunnawa, F11 a HP, Alt da F10 a Acer. Amma kwamfutar gwanjo sau da yawa an riga an goge mata wannan sashe kafin ta iso hannunka. Tawa haka take. Ko da yana nan ma, in ji ta, a yi hattara, domin wani zaɓin a cikinsa goge komai yake yi. Yanzu filashi ne ya maye gurbin faifai, kuma mutum na iya haɗa nasa kyauta in ya sami wata kwamfuta mai lafiya da intanet.

Muka sayo filashi biyu masu giga 8, muka aro kwamfutar maƙwabcinmu mai sayar da takalma, da rumbun waje na wata ƙawarta. A kan filashin farko ta sa Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta da ke iya tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus ta ɗora ta. Saukewar ta ci data ba kaɗan ba, ta kuma ci rabin dare. Ta gargaɗe ni cewa duk filashin da za a yi wannan aiki da shi, abin da ke kansa gogewa zai yi, shi ya sa muka sayi sababbi.

Safiyar Juma'a ta soka filashin, ta kunna, ta yi ta danna madanni ɗaya da sauri. Kowane kamfani da nasa: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a yawancin Asus. Jerin zaɓi ya fito, ta zaɓi filashin. Can sai ga fuska mai launi ta bayyana, karon farko cikin kwana biyu da na ga kwamfutar ta nuna wani abu ban da shuɗi. Zaɓi biyu ta bayar, ko a gwada ko a girka. 'Yata ta nuna min da yatsa ta ce, "Baba, nan ne mutane ke halaka. Gwadawa za mu yi. In muka danna girkawa, za mu iya goge abin da muka zo ceto da hannunmu."

Ta buɗe rumbun. Ya ɗan yi jinkiri, ni kuwa ina ta salati a zuci. Sai ga jakunkunan ajiya sun jeru, ta shiga wadda ke ɗauke da sunana, ga fayil ɗin nan da na sa wa suna "bashi". Shi ta fara kwafewa, ta kai shi kwamfutar maƙwabci ta buɗe. Sunaye da lambobi suka fito, har cinikin daren Laraba. Na tashi na shiga ɗaki, domin ban so yara su ga idona.

Ta ce mun yi sa'a ta wani wajen. Wasu kwamfutoci suna da kulle mai suna BitLocker, wanda in yana kunne ba a ganin komai sai da mabuɗi mai lamba 48, kuma yawanci a asusun Microsoft na mai kwamfutar yake ajiye. Tawa ba a kunna mata ba. Ga wanda bai da mai haɗa masa Ubuntu kuma, akwai wata hanya: a kwance rumbun a sa shi a ɗan akwatin da ake jona wa wata kwamfuta ta USB, a kwashe kayan. Kowane mai gyara zai iya, in dai ka nace a fara da wannan kana tsaye.

Amma ba komai ya fito ba. Da ta zo kan hotuna sai kwafewar ta riƙa tsayawa, rumbun na wata ƙara ƙas-ƙas kamar agogo. Wasu suka wuce, wasu suka ƙi. Cikin waɗanda suka ƙi har da hotunan zuwan mahaifiyata na ƙarshe Kwatano, lokacin sunan autarmu. Daga baya mun samo kaɗan a WhatsApp na 'yan'uwa, sauran sun tafi ke nan. Wannan ƙarar ce ta nuna wa 'yata cewa ɗauke wutar ƙarasawa kawai ya yi, rumbun ya daɗe yana ciwo. Na tuna watannin da kwamfutar ke nauyi, tana daskarewa, ni kuma ina zaginta ina ci gaba da aiki.

Sai da kaya suka fita sannan muka koma kan ƙofa. A filashi na biyu ta haɗa Windows 10 da manhajar da Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinsa don wannan aiki. Da aka tashi daga filashin, akwai zaɓin gyara ban da na girkawa, kuma sau da yawa in katsewar sabuntawa ce kawai matsalar, gyaran tashi ko cire sabuntawar ƙarshe kan wadatar. Ta gwada duka biyu, ba su yi ba. Ranar Asabar muka sayo sabon rumbu irin SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, da sabon batir. Na koma wurin mai gyaran nan ya sa min su, ya yi aikinsa tsaf. Tsohon rumbun na naɗe shi a tsumma na ajiye.

Na ɗauka sai na sayi lasisi, ashe ba haka ba ne. Tunda Windows ɗin da ke kanta a da mai rajista ce, da aka girka irinta aka jona intanet sai ta gane kwamfutar ta yi rajistar kanta. 'Yata ta ce kada in saki jiki dai, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, tawa kuma ta tsufa, ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan maganar wata rana ce, amma na sa ta a lissafi.

Ranar Litinin ɗan marigayi ya iso. Bayan gaisuwa da addu'a muka zauna da dattawa biyu na Zongo a matsayin shaidu. A daren da na fid da rai, na zauna na rubuta a takarda abin da nake iya tunawa na kason mahaifinsa, da niyyar in rantse a kai in ta kama. Da muka buɗe fayil ɗin na gwada da takardata, sai jikina ya yi sanyi. Akwai wani kuɗi da marigayi ya ƙara a jari bara kafin azumi, da bashin wani abokin ciniki na Paraku wanda rabinsa nasa ne. Duka biyun sun fita daga kaina sarai. Da fomat ɗin nan ya yiwu, da na rantse da zuciya ɗaya a kan lissafin da ya tauye marayu, in ci haƙƙinsu har in mutu ban sani ba.

Yaron ya duba, ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Mahaifinmu bai yi zaɓen tumun dare ba." Na amsa da amin, amma ni na san cewa tsakanina da kunyar duniya da ta lahira tambaya ɗaya ce da na yi a bakin shagon mai gyara.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, da yawanmu yanzu mun mayar da littafin bashi cikin kwamfuta ko waya, kuma galibi ta gwanjo ce ba faifai ba takarda. In taku ta ƙi tashi, kada ku bari a yi mata fomat sai kun ga kayanku a wani wuri da idonku. In kun ji rumbu na ƙara, ku daina kunna ta barkatai, kowace kunnawa na ƙara masa rauni. In batir ya mutu, ku canza shi, ya fi arha a kan abin da na gani.

Yanzu kowace Juma'a bayan na dawo daga masallaci ina kwafe lissafin a filashi, in kuma tura wa 'yata ta imel. Ƙarshen wata ina buga shi a takarda, maman yara ta sa a akwatinta. Filasan nan biyu da suka cece ni suna cikin gwangwanin alawa a kan shantar ɗakina, 'yata ta manna wa kowane takarda da sunansa. Makon jiya maƙwabcina mai takalma ya aiko yaronsa ya ari na Ubuntu.