Daga Damagaram zuwa Yamai da kyanwa da tantabaru

 

Duk shekara idan damina ta fara ban kwana, komawa makaranta ta ƙarato, babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Yamai takan cika da masu ƙaura: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da sauran waɗanda aka canza wa wurin aiki. Manyan motoci sukan wuce ɗauke da gadaje da katifu, har da turmi da taɓarya. Abin da ba a cika yi wa tanadi ba shi ne mai rai: kyanwar gida, tantabarun yara, karen da ya shekara biyar yana gadin ƙofa. Wasu sukan rufe gida su bar su ba tare da sun damƙa su ga kowa ba. Wasu kuwa sai su cusa su a buhu, su jefa cikin kaya.

Kowane almajiri ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To, ya ɗan'uwa mai karatu, tafiya da dabba ita ma tsarewa ce. Daga lokacin da ka rufe mata keji, cinta da shanta da iskar da za ta shaƙa duk sun hau wuyanka, har zuwa sa'ar da za ka buɗe. Tsakanin Damagaram da Yamai kuwa akwai kusan kilomita 900.

Na bi wannan hanya a ƙarshen wani watan Satumba, ina rakiyar iyalin yayana, tare da kyanwa ɗaya da tantabaru shida. Shirin ya fara mako guda kafin tashi. An samo kwando mai ƙarfi da murfi, mai wadatar kafofin iska, aka shimfiɗa tsohon zanen da kyanwar ta saba kwanciya a kai, aka ajiye shi a buɗe a tsakar gida, ana sa mata abinci a ciki. Kafin ranar tafiya ta riga ta mai da shi makwancinta. An kuma kai ta wurin likitan dabbobi aka yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa kamar yadda yake kama kare, aka karɓi katin shaida. Tantabarun kuwa, da dare aka kama su, lokacin da ba su gani sosai, aka zuba su a akurki biyu don kada su tattake juna.

Mun tashi bayan sallar Asuba. Tun tsakar dare ba a ba kyanwar abinci ba, sai ruwa, domin cikakken ciki da girgizar mota amai suke haifarwa. Kayan gida sun bi babbar mota, dabbobin kuwa suka zauna tare da mu a ƙarama, kwandon a ƙasa tsakanin ƙafafun yara, inda rana ba ta bugu. Har muka wuce Takeita kyanwar tana kuka, kuka mai ratsa zuciya, yara suna roƙon a buɗe mata. Uwarsu ta hana, kuma ita ce da gaskiya. Kyanwar da ta firgita, in ta sami taga a buɗe, ba a sake ganinta. Kafin Tasawa ta yi shiru.

Gero ya nuna a gonaki dama da hagu, an fara girbi, sararin ya yi kyau. Amma daga Maraɗi rana ta fara nuna halinta, kuma nan ne ainihin hatsarin yake. Ɗan Adam yana gumi a duk jikinsa, iska ta busa ya ji sanyi. Kyanwa ba ta da wannan baiwar sai kaɗan a tafin ƙafafunta, tsuntsu kuwa ba ya gumi sam. Zafin jikin kyanwa mai lafiya tsakanin digiri 38 da 39 yake, don haka ba ta da nisa da halaka idan ya ƙaru. In ka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, yawu na zuba, ko ka ga tantabara ta wangale baki ta saki fukafukai, to a tsaya nan take, a nemi inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba. Mu dai jiƙaƙƙen tsumma muka riƙa yafawa a rabin kwandon, rabi a buɗe, irin dabarar da ake yi wa gorar ruwa.

A Gidan Rumji muka tsaya sallar Azahar, muka yi ƙasaru. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi, ta rage masa raka'o'i, don ta san wahalar hanya. Dabbar da ke cikin keji wahalarta ta fi tamu, ba ta kuma da bakin faɗa. Mota a tsaye cikin rana, ko da an ɗan sauke gilashi, cikin mintoci kaɗan takan zama kamar tanderu. Saboda haka ba mu shiga masallaci gaba ɗaya ba. An fito da kwando da akurki ƙarƙashin bishiya, wani ya tsaya gadi, aka ba su ruwa, sannan shi ma ya yi tasa sallar.

A nan ne wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya ba mu shawarar mu ba kyanwar rabin ƙwayar parasitamol ta huta. Ina roƙon iyaye su kiyaye wannan sosai. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani. Yana lalata mata jini da hanta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin barci ma ba a ba ta sai da umarnin likitan dabbobi.

Madawa, Galmi mai albasa, Malbaza mai siminti, Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu: waɗannan mun wuce su ba tsayawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kajin da na gani an ɗaure ƙafafunsu, an rataye a saman wata mota, kawunansu na lilo cikin iska mai zafi. Za a ce ai na yanka ne. Ko abin yanka ma an umarce mu da kyautata masa. Haka nan wurin zuba kaya na ƙarƙashin motocin fasinja, da zafin inji da hayaƙi da rashin iska, ba mazaunin mai rai ba ne. Wanda zai bi motar haya ya tambaya a tasha tun da wuri. In an ce sai a can ƙasa, gara ya bar dabbar amana a hannun maƙwabci.

Mun kwana a Birnin Ƙwanni, inda ake kiran kyanwa mussa. An rufe ta a ɗaki da ruwa da abinci da faranti cike da yashi, ba ta taɓa abincin ba sai can cikin dare. Illela ta Najeriya tana nan kusa, sai na tuna wa masu ƙaura zuwa wata ƙasa cewa tsallake iyaka da dabba yana buƙatar takardar lafiya daga likitan dabbobi. Mai aku ma ya yi bincike tun da wuri, domin tun 2017 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin aku mai launin toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, fita da na gida kuwa sai da izini. Mai kare ya tanadi igiya, ya riƙa saukar da shi a kowane zango, ya kuma kiyaye kwalta mai zafi don tana ƙona masa ƙafa.

Washegari muka bi ta Dogon Dutsi da tsaunukanta ja, muka ratsa Doso, muka gangara kwarin Birnin Gaure. A wajen Kure, mazaunin raƙuman dawa, yara suka manne da taga suna dube-dube. Kafin Azahar muka shiga Yamai.

Isowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Kyanwa wuri take sabo da shi, in aka sake ta ranar farko sai ta fita neman tsohon gida ta ɓace. An tsare ta a ɗaki ɗaya da zanenta har mako biyu, sannan aka fara buɗe mata ƙofa gab da lokacin cin abinci. Tantabaru sun fi buƙatar haƙuri. Wata guda suka yi a rufe a sabon ɗakinsu, ta inda suke hangen tsakar gida. Waɗanda suka yi ƙwai su aka fara saki, da yamma, kafin a watsa musu gero, sauran suka biyo baya bayan kwana uku.