Ranar da ɓeran kwamfuta ya kayar da ni a JAMB

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Jiya a wani guruf na ga ana yi wa wata yarinya dariya, wai ta je JAMB ta rasa yadda za ta wuce zuwa tambaya ta biyu. Kowa na ta turo alamar dariya. Ni na kasa, don na taɓa zama a irin kujerar da ta zauna.

2/ Ni ɗan Bacirawa ne, nan arewa da birnin Kano. Gida kusa da gida, gona kusa da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake. A farkon 2016 na fara rubuta JAMB. Shekara ɗaya ke nan da hukumar ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya, ta koma kwamfuta zalla a 2015.

3/ Mun yi darasin kwamfuta a makaranta fa, har shekara uku. Amma a allo. Malam ya zana ta da alli, mu kwafa a littafi, mu haddace sunayen sassanta. Akwai ɗakin kwamfuta, kullum da kwado a ƙofar, wai ba wuta, wai kuma kada mu lalata. Ina cin darasin sosai, ban taɓa taɓa ta ba.

4/ Kuɗin rajista kuwa, gyaɗar da Baba ya ware don iri ya ɗiba ya kai kasuwa. Duk ɗan manomi ya san me ake nufi idan aka taɓa iri. Da zai ba ni kuɗin cewa ya yi, "Ga shi nan, Allah ya sa albarka." Bai ƙara komai ba.

5/ Ranar jarrabawa tun asuba na shiga birni. Aka duba yatsa, aka ba ni kujera. Ga tambaya ta farko a gabana, wallahi na san amsarta. Ga kuma wannan abin da ake ce wa maus, ɓeran da Malam yake zana mana. Na ɗauke shi sama ina nuna wa kwamfutar, kamar rimot ɗin talbijin.

6/ Kibiyar ta ƙi motsi. Na jijjiga shi, shiru. Na kusa da ni sai ƙas-ƙas kake ji, yana ta wucewa. Agogo kuma yana ta ja da baya a saman allon. Kunya ta hana ni ɗaga hannu, kada a ce ga ɗan ƙauye. Gumi ya jiƙa min riga, alhali akwai sauran sanyi a gari.

7/ Sai can wani mai sa ido ya lura. Ya zo ya dafa hannuna, ya sauke ɓeran a kan tebur, ya ja shi a hankali. Kibiya ta motsa. Abin da na rasa ke nan, bai kai minti ɗaya ba a koya. Amma lokaci ya riga ya tafi, hankalina ma ya tafi. Na ci 148 cikin 400.

8/ A gida na ce tambayoyin ne suka yi wuya. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daminar nan rancen iri ya yi. Shekara tara ban faɗa wa kowa gaskiyar abin da ya faru ba, har sai da ƙanwata ta tilasta ni.

9/ Bayan faɗuwar nan na liƙe wa wani shagon buga takardu a birni. In share, in ɗebo ruwa, in sayo man janareta, shi kuma mai shagon ya bar ni awa ɗaya a kan kwamfuta idan ba kowa. Da na sake rubutawa na ci. Karatuna bai ƙaru da yawa ba, tsoron ne ya fita.

10/ To, a 2025 sai ga Auta ta zo layi. Baba ya kira ni zaure ya ce, "Sau ɗaya zan biya. In ta ci, madalla. In ba ta ci ba, ga masu sallama nan suna jira." Ba mugunta a ciki, ƙarfinsa ke nan. Ita kuma jinya take so ta karanta tun tana firamare.

11/ Da farko ban damu ba. Auta ta fi ni iya waya. Wayar Inna a hannunta take kwana: WhatsApp, TikTok, gyaran hoto, tura kuɗi. Ita ke saita wa matan layinmu wayoyinsu. Na ce ai wannan ba za ta sha irin wahalar da na sha ba.

12/ Na kawo tsohuwar laftop ɗina na ajiye mata. Ta kalle ta, ta sa yatsa tana dangwalar gilashin, tana jan shi sama. Ta juyo ta ce, "Yaya, tacin ɗin ya mutu." Na yi dariya, sannan gabana ya faɗi. Ga ni nan sak, shekara tara baya. A daren na ba ta labarin ɓera.

13/ Nan na gane kuskuren da muke yi. Muna ganin yaro yana latsa waya sai mu ce ya waye. Waya an yi ta ne don ta ja ka, yatsa ɗaya ya isa. Ɗakin jarrabawa kuwa zama yake so, da karanta dogon rubutu a gilashi, da lura da agogo, ba mai turo maka saƙon murya ya yi maka bayani.

14/ Ga abin da muka yi, ko zai amfani wani. Na farko, tsarin jarrabawar. Tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Wato sakan 40 ga kowace tambaya. Wanda ya ɓata minti 20 yana kokawa da na'ura ya zubar da lokacin tambaya 30.

15/ Na biyu, yanzu ba dole sai da ɓera ba. A, B, C, D na zaɓen amsa ne. N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S ta miƙa aiki, R ta janye ka idan ka danna S bisa kuskure. Na zana mata madannan a bayan kwalin taliya, tana dannawa idan laftop ɗin tana wurin mai caji.

16/ Na uku, rajista. Tun 2021 sai da lambar NIN. Ana tura ta zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar buɗe rajista, kuma layin da aka tura da shi, shi ne naka har ƙarshe, da shi ake duba sakamako. Kada ka ari layin saurayi ko na maƙwabci. Mu sabon layi muka yi mata da sunanta.

17/ Imel ma ita ta buɗe da hannunta, ta zaɓi kalmar sirrinta, ta rubuta a bangon littafinta. Na san wani abokina da mai kafe ya buɗe masa komai ya riƙe kalmar sirrin. Da gurbin karatu ya fito, mai kafen ya tashi daga shagon. Sai da ya yi sati biyu yana yawon nemansa.

18/ Na huɗu, jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Ba tilas ba ce, kuma akwai ɗan kuɗi, amma na biya mata. Gara kunyar da rawar hannun su ƙare a ranar da ba a lissafa maki.

19/ Sai maganar da ta fi ba ni wahala: ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, irin waɗannan manhajoji sun shiga wayar kowa. Na tarar Auta tana ɗaukar hoton tambaya, ta tura, ta kwafi amsa, ta ce ta yi bita. Littafi cike da amsoshi, kai ba komai.

20/ Ban hana ta ba. Cewa na yi ta tambayi ɗaya daga cikinsu tarihin Bacirawa. Ta zubo mana labari tsaf, da sunaye da komai. Muka karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan wane gari ne?" Inna har da riƙe ciki.

21/ Daga ranar muka sa doka. Ki fara amsawa da kanki. In kin kasa, ki ce ta yi miki bayanin hanyar mataki-mataki, sannan ki duba littafi ki gani ko sun dace. Na'urar tana da amfani ƙwarai wajen bayani, amma ba ta jin kunyar faɗin abin da ba shi ba.

22/ Mun kuma yi amfani da Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Kyauta ne, akwai darussan firamare da sakandare, har da na Hausa. Mu da dare muke buɗewa, lokacin da sabis ya fi tsayawa.

23/ Kafin wata guda labari ya zaga. 'Yan mata shida suke zuwa tsakar gidanmu bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi, laftop ɗaya, kowa minti goma sha biyar. Batirin ba ya kai awa biyu. Biyu daga cikinsu ma ba su yi rajista ba, iyayensu suka ce su zo dai su taɓa.

24/ A Afrilu ta rubuta. Da ta fito na tambaye ta yaya. Ta ce, "Yaya, ta kusa da ni ta zauna tana kallon madannan, ta kasa farawa. Ni na ɗaga mata hannu aka zo." Wannan ya fi min daɗi a kan duk abin da ta faɗa game da tambayoyin.

25/ Sakamako ya zo, 214. A shekarar da sakamakon farko ya nuna sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 sun samu ƙasa da 200. Gurbi bai fito ba tukuna, kuma jinya akwai gasa, muna ta addu'a. Amma Baba ya ce wa masu sallama su dakata. Ni kuma ya ce min, "Ashe ɓera ne ya cinye min gyaɗa." Auta ce ta tona ni.

26/ Abin ba zai tsaya a JAMB ba. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. NITDA na cewa burinta kashi 70 na 'yan ƙasa su iya amfani da na'ura nan da 2027. Madalla da buri. Amma yaran layinmu da za su zauna baɗi, ranar Asabar ɗin nan suke buƙatar wanda zai zauna da su.

27/ Don haka in kana da laftop, ko tsohuwa ce, kuma kana zuwa gida ƙarshen mako, tafi da ita. Tara ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta, musamman matan da ba a bari su je kafe. Bar su su danna, su ɓata, su gyara. Ba sai ka zama malami ba.

28/ Ita kuma yarinyar da aka yi wa dariya jiya, in wani ya san ta, ya ce mata wani ɗan Bacirawa ya taɓa ɗaga ɓera sama kamar rimot, kuma ya gama jami'a. Ta sake gwadawa. Ku ma ku faɗa mana a ƙasa, yaya ranarku ta farko da kwamfuta ta kasance?